Ƙaramar tarakta mai bokiti da hannun haƙa, ta yi awa 5,300: in saya ko in haƙura?

Baban Walid, Kura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san harkar inji su taimaka min kafin in saki kuɗina.

Ranar Asabar dillali ya kai ni na ga wata ƙaramar tarakta a Kano. Kubota ce, L35, mai bokitin loda a gaba da hannun haƙa a baya, ga rumfa a sama. Daga Amurka aka shigo da ita shekarun baya, wani ɗan kwangila ya yi ta aikin lambatu da ita, yanzu ya ce ya bar harkar. Agogonta na nuna awa 5,300 da 'yan kai. An tayar min da ita, ta tashi lafiya, hannun yana motsi, bokitin yana ɗagawa. Na ga dai mai yana tsattsafowa a wurare biyu.

Abin da ya sa raina ya kwanta da ita: ina da ramin kifi biyu, ina son ƙara huɗu. Kowace shekara sai na biya leburori su yashe min magudanan ruwa a gonar shinkafa, kuma lodin takin kaji da shebur yana cinye min kwana biyu cur. Kuɗin da aka sa mata ya kusa kai na taraktar noma Massey 375 ta hannu mai lafiya. Awannin ne ke ba ni tsoro. Me kuka gani?

Ɗan Bunkure:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ni dai shawarata a taƙaice, ka haƙura. Tarakta mai awa sama da 5,000 ta gama cin ƙuruciyarta a hannun wani, tsufanta za ka saya. Kuma ɗan kwangila ba ya sayar da abin da ke kawo masa kuɗi. Ka ƙara kaɗan ka ɗauki 375, duk garejin da ka shiga tsakanin Kura da Zariya za ka samu wanda ya san cikinta.

Kawu Bakanike:
Baban Walid, kafin in ce komai, da ka isa wurin ka taɓa jikin injin da hannunka kafin a murɗa makulli?

Baban Walid, Kura:
A'a Kawu, ban taɓa ba. Da muka iso ma na tarar yaron wurin yana goge ta, ya ce ya ɗan ɗumama ta saboda zuwana.

Kawu Bakanike:
To ba ka ga tashinta ba tukuna. Injin gas da ya gaji, in ya yi zafi yakan tashi kamar sabo. Da sanyin asuba ake gane gaskiyarsa. Ka ce musu kada kowa ya taɓa ta, ka je ƙarfe bakwai na safe, ka ɗora tafin hannunka a kan bulok ɗin ka ji shi sanyi ƙalau, sannan a tayar a gabanka. Ka tsaya ta wajen salansa. Ɗan farin hayaƙi na 'yan daƙiƙu ba komai ba ne. In farin ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ko nozil ne, ko ruwa na shiga ta gaskit. In shuɗi ne, yana shan baƙin mai, wato ringi sun tafi. Baƙi kuma sau da yawa filtar iska ce ta toshe ko famfon gas ke ba shi fiye da kima, wannan ya fi sauƙin gyara.

Yana cikin aiki, ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, da sauransa. In iska ta cilla shi, hayaƙi na bulbulowa kamar tukunyar ɗanwake, ka sa kuɗin sauke inji a lissafinka.

Ɗan Bunkure, ban yarda da kai ba a kan awa 5,000 ɗin nan. Wannan samfurin daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 aka yi shi. Ko ka ce shekararta 25, ka raba 5,300 da 25, awa 212 ke nan a shekara. Taraktar haya a Kadawa tana yin fiye da haka a damina ɗaya. Na buɗe injin Kubota mai silinda uku da ya haura awa 8,000 na tarar da cikinsa tas, saboda mai shi ba ya wasa da juye. Na kuma buɗe mai awa 1,500 da ƙurar hunturu ta cinye shi, saboda an cire filtar iska an ce ai tana rage masa ƙarfi. Lambar agogo ba ta gaya maka wanne ne a gabanka.

Ɗan Bunkure:
Kawu, na ji, ka fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma wa ya tabbatar mana agogon ma gaskiya yake faɗa?

Kawu Bakanike:
Babu. A nan kam kana da gaskiya. Agogo yana mutuwa a yi shekara uku ana aiki kafin a canza shi, wani kuma da gangan ake cire wayarsa. Shi ya sa nake duba abin da ba ya iya ƙarya: fedar birki ta siɗe ko da sauran zanenta, sitiyari ya yi sulɓi, hannayen liba sun yi lako-lako, ƙarfen da ake takawa a hau ya lotsa. Waɗannan su ne agogon gaskiya.

Injiniya Mai Kwalbati:
Salam. Na yi shekaru ina aikin magudanan ruwa da ƙananan kwalbatoci, na yi aiki da irin waɗannan da kuma manyan motocin haƙa na JCB, bari in sa baki.

Kowa ya tattara hankalinsa a kan inji, alhali a irin wannan na'ura inji shi ne abu na ƙarshe da ke ba ni tsoro. Awa 5,300 na huɗa daban, awa 5,300 na haƙa daban. Mai haƙa tana tsaye wuri ɗaya, inji na juyawa a natse, duk wahalar tana kan famfon haidurolik, da silindoji, da fil-fil ɗin da ke riƙe gaɓoɓin hannun. Can kuɗinka zai tafi.

Ga yadda nake gwadawa. A miƙe hannun gaba ɗaya, bokitin ya ɗan tashi daga ƙasa, a kashe inji. Ka je ka kama bokitin da hannu biyu ka girgiza shi hagu da dama. Ka sa wani ya tsaya yana kallon kowace gaɓa. Ɗan wasa dole ne a samu a tsohon abu. Amma in bokitin yana lilo tsawon tafin hannu ko fiye, ka bi ka gano daga ina wasan ke fitowa. In fil ne da bush suka cinye, masu sassaƙa ƙarfe za su fitar maka da sababbi, ba wani tashin hankali ba ne. In kuwa ramin da bush ɗin ke zama ne ya buɗe ya zama kamar ƙwai, musamman a gindin hannun inda yake juyawa, wannan sai an cike da walda an sake huda shi a saiti ɗaya, kuma ba kowane mai walda ne zai iya ba.

Na biyu, a sauke ƙafafun nan biyu na baya har tayoyin baya su bar ƙasa, a danna bokitin gaba har tayoyin gaba su ɗaga, a kashe. Ku zauna ku sha shayi na minti goma sha biyar. In ka dawo ka tarar ta zauna a ƙasa, sil ɗin cikin silinda ko bawul na zubarwa ta ciki, ko da ba ka ga ɗigon mai a waje ba.

Na uku kuma shi ne wanda masu sayarwa ba sa so: ka yi aiki da ita awa guda cikakkiya, haƙa na gaske a ƙasa mai tauri. Man haidurolik in yana da sanyi yana da kauri, yana rufa wa famfon da ya gaji asiri. In ya yi zafi ya tsinke, sai ka ga hannun ya fara nawa, yana kuka, ya kasa ɓanɓaro abin da ya ɓanɓaro ɗazu. Ni da kaina na taɓa sayen wata bayan gwajin minti goma. Kwana na farko a wurin aiki, kafin azahar ta zama kamar mai zazzaɓi, leburorina na zaune suna kallona, mai aiki na kirana a waya. Wata biyu na yi ina jiran famfo daga waje. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baban Walid, Kura:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Wallahi duk wannan ban yi ko ɗaya ba. Ɗaga hannun kawai aka yi aka sauke.

Hajiya Mai Kifi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san inji ba, amma ramin kifi na sani, don guda tara gare ni. Baban Walid, ka zauna ka yi lissafin ƙasar da za ka kwashe? Rami mai tsawon mita 20, faɗin mita 10, zurfin mita ɗaya da rabi, ƙasa ce kubik mita 300. Huɗu kake so, 1,200 ke nan. Injiniya, bokitin irin wannan sau nawa zai ɗiba ya cika kubik mita ɗaya?

Injiniya Mai Kwalbati:
Hajiya, ya danganta da faɗin bokitin da ke jikinta, amma ki ɗauka kamar sau 15.

Hajiya Mai Kifi:
To ka gani. Rami ɗaya ɗiba 4,500. Kuma hannun gajere ne, ba zai iya jefa ƙasar can nesa ba, sai ta tara a gefe, ta juyo ta kwashe da bokitin gaba, ta dawo ta sake kafa ƙafafu. Ni da na tashi yin nawa na ƙarshe guda uku, babbar motar haƙa na ɗauko haya, kwana biyu ta gama ta tafi, ban san kuɗin tayarta ba, ban san bakanikenta ba. In don ramuka huɗu ne kawai za ka sayi wannan, ɗan'uwana ka yi haya. Rami sau ɗaya ake haƙa shi.

Baban Walid, Kura:
Gaskiya ne Hajiya, ban yi wannan lissafin ba. Sai dai ramukan ba su kaɗai ba ne. Yashe magudana duk shekara ne, lodin taki duk wata ne, kuma a garinmu kullum ana neman mai haƙa fandisho da sokawe da ramin bututun ruwa. Babbar mota ba ta zuwa don aikin rabin yini, kuɗin ɗauko ta ma ya fi aikin.

Hajiya Mai Kifi:
Wannan kuma magana ce. In haya za ka riƙa bayarwa, to sana'a ce sabuwa za ka buɗe, ka shirya mata. Wa zai tuƙa?

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ina gaida manya. Tambayar Hajiya ita ce babba. Nan wajenmu wani maƙwabcina ya sawo irin wannan ta hanyar Kwatano, lafiyayya. Ya ba yaron da ya iya tuƙin taraktar noma, yana ganin ai duk ɗaya ne. Yaron ya riƙa amfani da hannun yana bugun kututture ta gefe kamar mai sara da gatari, yana tura ƙasa da gefen bokiti. Cikin rani guda gindin hannun ya tsage. Haƙa hannu ne daban, sai an koya. Ka nemi wanda ya yi yaron mota a ƙarƙashin direban JCB, ko da za ka biya shi fiye da direban noma.

Sannan gazuwal, wato gas ɗin da inji ke sha. Na jarka da ake saidawa bakin hanya, ruwa da datti ba su ƙarewa a ciki. Ka sa mata filta ta biyu mai raba ruwa tun ranar farko.

Kawu Bakanike:
Madalla da Ɗan Maraɗi. A kan maganar gas ɗin nan ma tsufanta alheri ne. Daga 2013 dokar hayaƙi ta Amurka ta tsananta a kan injinan da suka haura doki 25, shi ya sa yawancin ƙananan taraktocin da aka yi bayan nan suke zuwa da wata tukunya a salansa mai tace toka, da kwamfuta mai sarrafa nozil. An yi su ne don gas mai tsabta sosai. In suka sha irin namu na bakin hanya, tukunyar ta toshe, fitila ta kama, inji ya rage ƙarfi da kansa, kuma sai mai na'urar karanta kwamfutar ne zai taɓa ta. L35 ba ta da ko ɗaya cikin wannan. Famfon gas ɗinta na ƙarfe ne zalla, masu gyaran famfo na Kano za su iya da shi. Da a ba ni mai awa 1,200 mai kwamfuta, gara a ba ni wannan mai 5,300 in dai cikinta lafiya.

Ɗan Bunkure:
To kayan gyara fa? Nan ne nake tsaye har yanzu. Ka shiga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ka ce kana neman kayan Massey, za a zube maka na Pakistan da na Turkiyya da na Indiya ka zaɓa. Injin Perkins da ke cikin Massey ko almajirin gareji ya san shi. Ka ce Kubota L35 ka ga yadda za a kalle ka. Iyayenmu sun ga haka da taraktocin Steyr da aka harhaɗa a Bauchi da Fiat na Kano: da kayan gyara suka yanke, nawa ne suka zama wurin kwanan kaji?

Kawu Bakanike:
Ba ka yi ƙarya ba, amma a raba abin gida uku. Akwai wanda za a yi maka a nan: tiyon haidurolik ana matse maka sabo in ka kai tsohon, sil ana auna shi a samo daidai shi, fil da bush ana sassaƙawa, filta ana samun wadda ta yi daidai, batir da belt ba magana. Akwai na inji, ringi da metal da gaskit, waɗannan ana samu da ɗan nema, domin irin wannan injin na Kubota yana cikin janaretoci da ƙananan motocin haƙa da yawa a duniya. Sai na uku, wanda nake jin tsoro: giyabos da haƙoran gatarin gaba. Giyar L35 irin wadda Kubota ke kira GST ce, kana canza giya ba tare da taka kuloci ba, mai ne ke matse faifan kulocin a ciki. Tana da daɗin aiki ƙwarai wajen loda, gaba da baya, gaba da baya. Amma in ta lalace ba aikin gindin bishiya ba ne, kuma kayanta sai an yi oda.

Saboda haka Baban Walid, ka shiga kowace giya, gaba da baya, da sanyi da kuma bayan ta yi zafi. Ka lura ko tana jinkiri kafin ta kama, ko tana fizga. Ka tura bokiti cikin tarin ƙasa a ƙaramar giya: tayoyi ya kamata su yi ta juyawa suna tono, ko inji ya nemi mutuwa. In inji na ta ƙara amma taya ba ta motsi, kuloci na zamewa, ka yi musu sallama. Ka zaro sandar man giya ka shinshina. In yana warin ƙuna ko ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ka san an yi sakaci. A irin waɗannan taraktoci man giya da na haidurolik tanki ɗaya suke sha, duk dattin da ya shiga ɗaya ya shiga ɗayan. Kuma ba kowane man haidurolik ake zuba mata ba, akwai na tarakta musamman saboda birkinta da kulocinta a cikin mai suke.

Injiniya Mai Kwalbati:
In ƙara a kan na Kawu, gatarin gaba shi ke ɗaukar duk nauyin bokiti. A ɗaga gaban a girgiza kowace taya, a duba ko mai na zuba ta wajen da take lanƙwasawa. A sa ta a giyar taya huɗu a ji ko akwai ƙara.

Abu ɗaya da zan yaba wa wannan samfurin: tun daga masana'anta aka gina ta don haƙa, da firam mai kauri da ya ratsa daga gaba har baya, hannun a jikinsa yake zaune. Ta fi irin waɗanda ake ɗauko taraktar noma a rataya mata hannun haƙa a ƙarafan nan uku na baya da ake ɗaura garma. Waɗancan ƙarafan don ja aka yi su. In aka sa musu fizgar haƙa, murfin giyabos na iya tsagewa, na taɓa ganin wadda ta rabe biyu a tsakiya. Duk da haka ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka bi notunan da suka ɗaure firam da jikin tarakta ɗaya bayan ɗaya. Noti da ya saki yakan bar jan tsatsa kamar hoda a kewayensa. Duk inda ka ga sabon fenti a wuri ɗaya tak, ka kankare da makulli, sau da yawa walda ce a ƙasa.

Manomin Garun Malam:
Tambaya don Allah. In ya saye ta, za ta yi masa huɗa da haro a gonar shinkafar? Don in za ta yi duka, ai jifa ɗaya ne tsuntsu biyu.

Kawu Bakanike:
Kada ya sa ran haka. Doki 35 ne da ita, 375 kuwa doki 75. Haro da rijar da muke da su a nan an yi su ne don manya, ko ramukan fil ɗinsu ba su yi daidai da nata ba, nata ƙanana ne. Ana iya sauke hannun bayan a ɗaura mata ƙaramin abu, tana da sandar juya na'ura a baya mai juyi 540 a minti ɗaya, amma sai in ƙarafan ratayen suna nan. Yawanci tun a can waje ake cire su a ajiye, su ɓace, a turo tarakta babu su. Ka tambaya a nuna maka su da idonka. Bokitin gaba kuma ba a cire shi, da shi za ka yi ta yawo. Tayoyinta ma na wurin gini ne masu faɗin haƙori, a taɓon Kadawa sulɓi za su yi.

Ɗan Bunkure:
To ka ji. Kuɗin 375, amma ba ta noma.

Baban Walid, Kura:
Noma ba ya cikin damuwata, ina da wanda ke yi min huɗa duk shekara, ba mu taɓa saɓawa ba. Masu Massey a yankinmu sun fi ashirin. Mai haƙa ƙarama ko ɗaya babu.

Hajiya Mai Kifi:
In ka saya, abu ɗaya nake roƙonka saboda Allah. Yara. Duk inda irin wannan ke aiki sai sun taru suna kallo, kuma mai tuƙi ya juya baya, idonsa na kan rami. Hannun nan in ya juyo ba ya tsayawa. Ka sa mutum ɗaya aikinsa kawai korar yara. Kada a ɗauki kowa a bokiti, ko da wasa. Kuma kada lebura ya shiga rami mai zurfi a ƙasa mai yashi yana gyara gefe alhali tarakta na tsaye a bakinsa. A unguwarmu gefen ramin sokawe ya taɓa ruftawa da wani bawan Allah, da ƙyar aka zaro shi.

Malam Na Zaure:
Allah ya saka wa Hajiya. Ni ta ɓangaren ciniki zan yi magana. Alhaji, ka tambayi mai ita kai tsaye, ba ta bakin dillali ba: wane aibi ka sani a jikinta? Wajibi ne a kansa ya faɗa, kuma aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayarwa. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, a rubuta. A sa lambar jikinta da lambar inji a takarda, ka duba da idonka sun yi daidai da na takardun kwastan, shaidu biyu su sa hannu. A faɗi la'adar dillali a fili tun farko, a san wa zai biya. In da ragowar kuɗi da za ka cika daga baya, shi ma a rubuta ranarsa, haka ayar bashi ta cikin Baƙara ta umarta.

Baban Walid, Kura:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Kawu, in ba damuwa zan biyo in ɗauke ka ranar Laraba da asuba mu je tare, ladan yininka a wuyana.

Kawu Bakanike:
Allah ya kai mu. Ka ce su nemo wurin da za a yi haƙa, kuma kada a wanke ta. Ina son in ga inda mai ke bi.

Baban Walid, Kura:
Jama'a, mun dawo. Ga yadda aka yi.

Mun isa bakwai saura, Kawu ya taɓa inji, sanyi. Ya ɗan ja kafin ya kama, farin hayaƙi ya fito na ɗan lokaci ya ɗauke. Murfin mai ya yi rawa amma bai faɗo ba. Lagireto babu kumfa, baƙin mai baƙi ne kawai, ba ruwa. Giya duk sun shiga, da sanyi da zafi. Kawu ya ce inji da giyabos bai ga abin tsoro ba.

Hannun baya ne da magana. Da na girgiza bokitin sai da na ji ƙwal-ƙwal, fil uku sun cinye, amma Kawu ya zare ɗaya ya leƙa, ya ce ramukan ba su buɗe ba. Ƙafar hagu ta sauka cikin minti shida. Sandar silinda ɗaya tana da ƙarzuwa mai tsawon yatsa, ita ke yanka sil, nan ne ɗaya daga cikin wuraren da na ga mai. Tiyo biyar sun tsattsage har ana ganin wayar ciki. Gatarin gaba na dama yana zubar da mai. A ƙarƙashi mun sami noti biyu da jan tsatsar da Injiniya ya faɗa, da walda ɗaya a kunnen bokitin gaba, tsohuwa ce, ba ta sake buɗewa ba. Ƙarafan rataye babu su, mai ita ya ce bai taɓa ganinsu ba. Tayoyin baya saura kaɗan.

Mun yi haƙa awa ɗaya da kwata a marmara a bayan filin. Wajen ƙarshe hannun ya ɗan rage sauri.

Injiniya Mai Kwalbati:
Wannan ragin saurin, yaya girmansa? Yana iya ɗaga bayan taraktar in ka danna bokiti ƙasa bayan ya yi zafi?

Kawu Bakanike:
Yana ɗagawa, Injiniya. Na sa agogon awon ƙarfin mai, ya ɗan gaza abin da nake so amma bai faɗi ba. Filtar haidurolik ɗin da na gani ta yi shekaru ba a taɓa ta ba, mai yiwuwa ita ce. Na dai ce masa ya ajiye kuɗin famfo a gefe, kada ya taɓa su, ko da ba a buƙace su bana ba.

Ɗan Bunkure:
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Yanzu dai ka san ramukanta. Nawa Kawu ya ƙiyasta gyaran?

Baban Walid, Kura:
Da tayoyi da famfon, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da suka sa. Na zauna da mai ita, na karanta masa jerin gaba ɗaya, na taya da ragin wannan adadin. Ya ce albarka. Ya sauko da kusan rabin abin da na nema, ya ce shi ma bai san ƙafar na sauka ba. Na ce zan yi shawara zuwa Juma'a.

Ramukan kifin kuwa na bi maganar Hajiya, na riga na yi magana da mai babbar mota, zai zo bayan an girbe shinkafa.

Hajiya Mai Kifi:
Ka kyauta. Kafin Juma'ar ka zagaya wajen magina da masu haɗa bututu na garinku, ka ji aiki nawa za su iya kawo maka a wata da abin da suke biyan masu diga yanzu. In lissafin bai biya direba da gas da giris ya bar wani abu ba, ka bar masa kayarsa.

Ɗan Maraɗi:
Kuma ka samo direban kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Baban Walid, Kura:
Akwai wani yaro ɗan Chiromawa da ya yi shekara huɗu a kan JCB a kamfanin hanya, gobe zai zo mu gana. Magina biyu na samu yau, ɗaya yana da fandisho uku a watan gobe. Kawu, in mutumin ya ƙara saukowa ko da kuɗin tayoyin ne, zan ba da kafin alƙalami. Wace mota za mu nema ta ɗauko ta? Ba na son a tuƙo ta a titin Zariya da wannan gatarin.

Kawu Bakanike:
Kanta mai dogon baya ta isa, taraktar ba ta kai rabin nauyin JCB 3CX ba. A kulle hannun da fil ɗinsa, a ɗaure ta da sarƙa ta kusurwa huɗu. Ku sauke ta a garejina tukuna, mu zubar da duk man da ke cikinta mu canza filtoci kafin ta taɓa ƙasar gonarka. Ka taho da man giris bokiti guda, duk awa goma na aiki sai an sa mata a gaɓoɓi.